Yaƙin da ba a gwabza ba, amma muka ji a jikinmu



Wata ɗaliba 'yar aji biyar daga nan cikin birnin Katsina ta aiko mana da tambaya. Ta ce malaminsu na darasin Gwamnati ya ba su aikin gida a kan yadda yaƙi a wata ƙasa ke shafar maƙwabtanta, duk misalan da ta samu kuma na Yukiren ne da Gaza da Sudan. Shin babu na kusa? Akwai, ƙanwarmu, kuma a bakin ƙofa yake. Daga Katsina zuwa Maraɗi bai kai kilomita 100 ba. Kafin mai zuwa Abuja ya yi rabin hanya, mai zuwa Maraɗi ya isa, ya ci abinci, ya kama hanyar dawowa.

Ranar 26 ga Yulin 2023 sojojin da ke gadin fadar shugaban ƙasar Nijar suka tsare Shugaba Mohamed Bazoum. Bayan kwana biyu Janar Abdourahamane Tchiani ya bayyana a matsayin sabon shugaba. Ranar 30 ga wata shugabannin ƙungiyar ECOWAS suka taru a Abuja, a lokacin Shugaba Bola Tinubu ne ke jagorantarta, suka ba sojojin wa'adin mako ɗaya su mayar da Bazoum kan kujerarsa, in ba haka ba za a iya amfani da ƙarfi. Mali da Burkina Faso, waɗanda su ma sojoji ke mulki, suka ce duk wanda ya taɓa Nijar su ya taɓa. Ranar 10 ga Agusta ECOWAS ta ba da umarnin a shirya rundunar ko-ta-kwana. Mu a lokacin muna ƙarshen sakandare, kuma mun tuna yadda hirar ƙwallo ta mutu a majalisu, kowa sai zancen ko za a yi, ko ba za a yi ba.

Ba a yi ba. Ko harsashi ɗaya ba a harba tsakanin ƙasashen biyu ba. Amma tun kafin a kai ga bindiga an ɗauki matakan da suka iso har cikin tukwanenmu. An rufe iyaka. Nijeriya ta yanke wutar lantarkin da take sayar wa Nijar, wadda ita ce kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da ƙasar ke amfani da ita. Manyan motoci suka yi jerin gwano a Magamar Jibiya da Kongolam ta wajen Mai'aduwa, da Illela a jihar Sakkwato, kayan gwari suna ruɓewa a cikinsu. Ku dubi abin da ke shigo mana daga can: raguna, shanu, raƙuma, wake, aya, dabino, kanwa. Ku dubi abin da ke tafiya daga nan: masara, gero, siminti, kayan roba, atamfa, magunguna. Tsakanin wannan da wancan akwai direba, akwai yaron mota, akwai ɗan dako, akwai ɗan canji mai musayar naira da sefa, akwai mai shayi da mai tuwo-tuwo a bakin tasha. Duk ranar da mota ba ta motsa ba, gidajen waɗannan mutane ba a ɗora tukunya yadda aka saba.

A nan sai mun yi adalci. Ba duk tsadar da aka sha a shekarar ce rufe iyaka ya jawo ba. An cire tallafin man fetur tun ranar 29 ga Mayun 2023, darajar naira ma ta faɗi. Rufe iyakar ya zo ne a kan ciwon da yake ɗanye. Idan kuna rubuta amsa a jarrabawa kada ku ɗora wa dalili ɗaya komai, mai duba takarda zai gane.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne yadda jama'a suka karɓi zancen yaƙin. A Legas ko Fatakwal mutum zai iya kallon Nijar a matsayin wata ƙasa a taswira. A Katsina abin ba haka yake ba. Jihohi bakwai ne ke iyaka da Nijar: Kebbi, Sakkwato, Zamfara, Katsina, Jigawa, Yobe da Borno, a kan iyaka mai tsawon kusan kilomita 1,500. Turawan Ingila da na Faransa ne suka shata ta a farkon ƙarni na 20, kuma ba su tambayi kowa ba. Kafin zuwansu, bayan jihadi ya ci birnin Katsina a wajajen 1807, sarakunan Haɓe suka yi arewa, daga baya Ɗan Kasawa ya kafa zama a Maraɗi. Shi ya sa har gobe sarautar can Sarkin Katsinan Maraɗi ake ce mata. Akwai wani abokin karatunmu da mahaifiyarsa 'yar Maraɗi ce. A watannin nan kakarsa ta kwanta ciwo, sai da mahaifiyar ta bi ta daji a kan babur kafin ta je ta gan ta, ta biya ninkin abin da ta saba biya. To, ka ce wa irin wannan gida za a tura soja can, wa za a je a harba? Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Wannan ra'ayi bai tsaya a majalisun unguwa ba. Limamai sun yi huɗuba a kansa, gidajen rediyo sun cika da masu bugo waya, a Kano har zanga-zanga aka yi. Sanatocin arewa suka fito suka ce ba su yarda ba, ranar 5 ga Agusta kuma Majalisar Dattawa ta shawarci shugaban ƙasa ya bi hanyar sulhu. Janar Abdulsalami Abubakar da Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar sun je Yamai a madadin ECOWAS. Muhammadu Sanusi II ya je ya gana da Tchiani ranar 9 ga Agusta, sannan tawagar malamai ƙarƙashin Sheikh Abdullahi Bala Lau ta bi baya. Ba mu ce surutun jama'a kaɗai ya hana yaƙin ba, akwai batun kuɗi, akwai rashin haɗin kan ƙasashen ƙungiyar kansu. Amma gwamnatin da za ta tura soja ta cikin Katsina da Sakkwato alhali Katsinawa da Sakkwatawa ba su so, ta san da aiki a gabanta. Wannan shi ne abin da littafinku ke kira ra'ayin jama'a, ga shi kun gan shi da ƙafafunsa.

Da an yi fa? Ba sai mun yi duba ba, tarihi ya isa. A 2011 aka yi yaƙin Libiya, aka kashe Gaddafi a watan Oktoba. Makaman da suka fita daga rumbunansa suka bazu cikin Sahara, shekara na zagayowa 'yan tawaye suka kama Kidal da Gao da Tumbutu a arewacin Mali, wutar da har yau ba ta mutu ba. Mu kuma da ma ga namu ciwon: 'yan bindiga a Jibiya, Batsari, Safana da sauran ƙananan hukumomin da ke bakin daji. Dubban 'yan Nijeriya daga Katsina, Zamfara da Sakkwato suna zaman gudun hijira a jihar Maraɗi, na Borno kuma suna Diffa. Wanda ya gudu daga wuta ya fake a gidan maƙwabci, in gidan maƙwabcin ya kama, ina zai nufa?

Yanzu ga inda muke so ku tsaya ku yi tunani, domin a nan ne da yawa daga cikin sa'o'inmu suka zame. Ƙin yaƙi daban, son juyin mulki daban. A watannin nan wayoyinmu sun cika da hotunan sojoji cikin kaki da kiɗa a ƙasa, da bidiyon tsofaffin yaƙe-yaƙe ana cewa yau aka ɗauka. A Yamai masu goyon bayan sojoji sun ɗaga tutar Rasha suna Allah wadai da Faransa, kuma fushinsu da Faransa yana da tarihi, tun daga mulkin mallaka har zuwa yuraniyom ɗin Arlit. Shekara guda bayan haka, a zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agustan 2024, sai ga tutar nan a titunan Kano da Kaduna, a hannun yara waɗanda wasunsu ba su wuce shekarunku ba, wasu har suna kiran soja su karɓi mulki. An kama da dama, har da teloli. Ba kaya da mutane kaɗai ke ƙetare iyaka ba ke nan. Ra'ayi ma yana ƙetarewa, kuma shi babu jami'in kwastan da zai tare shi.

A Disambar 2024 Janar Tchiani ya yi hira da harshen Hausa, ya zargi Nijeriya da haɗa baki da Faransa don a dagula ƙasarsa. Mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, Nuhu Ribadu, ya fito ya musanta, shi ma da Hausa. Ku tambayi kanku me ya sa duka biyun suka zaɓi Hausa. Da mu suke magana. Kowanne na neman mu gaskata shi, kuma yawancinmu mun zaɓi wanda za mu gaskata tun kafin mu saurari ɗayan. Mu dai a namu ganin, wanda ya ce kada a kai wa Nijar hari ya yi gaskiya. Amma ya kamata bakin da ya faɗi haka ya iya faɗin cewa Bazoum ya haura shekara biyu a tsare ba a yanke masa hukunci ba, kuma a Maris na 2025 an rantsar da Tchiani na shekara biyar ba tare da an jefa ƙuri'a ko ɗaya ba, an kuma rushe jam'iyyu.

ECOWAS ta ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairun 2024, a watan Maris aka buɗe iyaka. Sai dai ƙwaryar ta riga ta tsage. Nijar da Mali da Burkina Faso sun kafa tasu ƙungiyar, AES, tun Satumbar 2023, kuma ficewarsu daga ECOWAS ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025. Don haka in littafinku na Gwamnati yana cewa ƙasashen ƙungiyar 15 ne, ku sa biro ku gyara, yanzu 12 ne. Layin dogon da aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, daga Kano ya ratsa Daura da Katsina da Jibiya zuwa Maraɗi, shi kuma bai canja hanya ba, har yanzu can ya dosa.

Ƙanwarmu mai tambaya, kafin ki rubuta aikin gidanki ki samu kakarki ko wani dattijo a gidanku, ki tambaye shi 'yan uwanku nawa ne ke Maraɗi, Tasawa ko Damagaram, kuma yaya aka yi zumunci a watannin da iyaka ke rufe. Sauran ɗalibai ma ku yi haka, ku aiko mana da abin da kuka jiyo, za mu buga wasu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.