Gwajin Ƙwaya: An Kama Shi, Sai Kuma Me?

Tun da Ministan Ilimi Tunji Alausa da shugaban hukumar NDLEA Buba Marwa suka daidaita a 2025 cewa za a riƙa yi wa ɗaliban manyan makarantu gwajin ƙwaya, masu tafi ba su huta ba. Dutsin-Ma da ke jihar Katsina na da jami'ar tarayya tun 2011, ga kwalejin ilimi ta Isa Kaita, don haka maganar ta shafi garin kai tsaye. Madalla. A tara fitsarin yara a kwalabe, a gano na ganowa. To, wanda aka gano, ina za a kai shi?

Wannan tambayar ce masu tafin ba sa son ji, domin abin da ya zauna a zukatan mutane shi ne ɗan ƙwaya ba maras lafiya ba ne, taƙadari ne, maganinsa tonon asiri da bulala.

A bar ɗaliban jami'a tukuna, a leƙa Makera ko ƙauyukan Kurfi. Saurayin da ke ƙwadago a gonar wani ya fara haɗiyar tiramol ne don ya gama kunyoyinsa kafin la'asar. Yau in bai sha ba, gumi ya keto masa, gaɓoɓi su hau ciwo, barci ya ƙaurace. In ya zarce kuma ya faɗi yana shure-shure, a ce iska ce. Ranar da ya yi ta maza ya durƙusa gaban mahaifinsa ya ce, "Baba, na kamu, a taimake ni," ya san abin da zai biyo baya. Maganar za ta riga shi isa majalisa. Gidan da yake neman aure za su maido kaya. Wanda ya yi gum ya ci gaba da sha a ɓoye, shi ne mai mutunci a gari.

Binciken da hukumar UNODC da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa suka yi a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a Najeriya, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce. Cikin waɗanda abin ya fi yi wa katutu, kusan kashi 40 cikin 100 sun ce sun so magani, ba su samu ba. Ke nan ba nemo su ne wahalar ba. Su ne ke neman ƙofa.

Ƙofar da aka bar musu kuwa kowa ya gan ta a 2019, lokacin da 'yan sanda suka fasa gidan mari a Rigasa ta Kaduna, sannan a Daura, aka fito da mutane da sarƙa a ƙafa, bayansu duk tabon duka. Aka rufe gidajen, aka yi jawabai. Uwar irin wancan saurayin a Makera har gobe zaɓinta bai wuce rubutu ba, ko ta sayar da akuya ta nemi kuɗin motar zuwa asibitin ƙwaƙwalwa irin na Barnawa a Kaduna ko na Kware a Sakkwato, a kan hanyoyin da 'yan bindiga suka mayar abin tsoro.

Za a ce gwajin zai tsorata yara. Haka aka ce da aka hana maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018, bayan rahoton BBC. A tambayi masu kemis na bayan layi ko ciniki ya tsaya.

Kuma in gwaji ake so, a Katsina an san inda ya dace a fara. Kauraye, 'yan dabar siyasa, ba daga sama suka faɗo ba. Wani ne ya saya musu ƙwayar, ya cika motoci da su ranar gangami, ya watsar da su da aka rantsar da shi. Marwa ya sha kiran a gwada masu neman muƙami. Manyan sun yi kunnen uwar shegu. Su ne za su zauna a sahun gaba ranar ƙaddamar da gwajin ɗalibai, cikin manyan riguna, suna girgiza kai kan lalacewar tarbiyya.