A Ƙasar Inabi Ta Faransa, Mai Keke Ya Fi Mai Mota Gani

Kowace shekara dubban baƙi ne ke kwarara zuwa Bargandi, watau lardin nan na gabashin Faransa da ya yi suna wajen noman inabi. Wasunsu a manyan motocin yawon shaƙatawa suke zuwa, su ɗauki hoto, su ci abincin rana, kafin magariba sun koma Faris suna cewa sun ga ƙasa. A gaskiya ba su gan ta ba. Wanda ya kama ɗaki na wata guda ko biyu, ya yi hayar keke, ya riƙa cin abinci a lokacin da masu gari ke ci, shi ne zai iya faɗin yadda Bargandi take.

Dalili na farko shi ne yadda ƙasar ta kasance. Gonakin da ake ji da su suna kan wani siririn gangaren tudu ne mai tsawon kimanin kilomita 60, daga birnin Dijon zuwa ƙauyen Santenay. An yanka gangaren nan gona-gona har 1,247, kowace da sunanta da iyakarta, abin da ya sa hukumar UNESCO ta sanya su cikin kayan tarihi na duniya a 2015. Wata katangar dutse kaɗai ce tsakaninta da maƙwabciyarta, amma farashin amfaninsu ya bambanta ninki-ba-ninki, sabili da bambancin ƙasa da yadda rana ke bugun kowace. Akwai gona guda, Clos de Vougeot, mai faɗin kimanin hekta 50, wadda masu ita sun kai mutum 80, domin rabon gado da saye da sayarwa sun daddatsa ta. Mai mota kore kawai yake hangowa ta taga. Mai keke kuwa, cinyarsa ce ke gaya masa inda tudu ya fara.

An kuwa sauƙaƙa masa. Daga garin Beaune akwai hanyar keke mai alamu, kimanin kilomita 22, ta ratsa Pommard da Volnay da Meursault har Santenay, kusan duk cikin gonaki, inda tarakta ta fi mota yawa. Ko dattijo yana iya cinye ta kafin azahar. Nan ba a ɗaukar keke a matsayin abin hawan wanda ya rasa, attajiri da leburansa hanya ɗaya suke bi.

Dalili na biyu shi ne abinci, kuma a nan ne baƙo mai gaggawa ya fi shan wahala. A ƙauyukan nan gidajen abinci suna buɗewa da sha biyun rana, ƙarfe biyu na yi an rufe madafa sai bakwai na yamma. Wanda ya iso biyu da rabi, ko da jakar kuɗi ya zo, burodi zai nema. Faransawa ba su ɗauki cin abinci abin yi a tsaye ba: a fara da ɗan abin taɓawa, a kawo nama ko kifi, a biyo da cuku, a rufe da kayan zaƙi, ana yi ana hira. Ita ma wannan al'ada UNESCO ta amince da ita tun 2010.

Mai dogon zama shi ke gane cewa kasuwar Beaune ran Asabar take ci, ya cika kwandon kekensa da burodi da tumatir da cukun akuya da kazar Bresse, wadda doka ke kare sunanta tun 1957, ya koma masauki ya dafa da kansa. Shi ne kuma ke koyon tambaya kafin ya sa hannu a akushi. Shahararren farfesun naman shanunsu da giyar inabi ake dafa shi, haka ma na zakara. Naman sanyin nan mai koren ganye na alade ne, cukun Époisses kuma da barasa ake wanke bayansa. Wanda ba ya cin waɗannan ba zai kwana da yunwa ba, akwai kifi da ƙwai da kayan lambu, amma fa sai ya buɗe baki ya tambaya. Masu sha kuma su sani dokar maye ba ta ƙyale mai keke ba.

Wani zai ce wa ke da wata guda na ɓatawa? Magana ce mai kan gado, zaman yana cin kuɗi. Sai dai mako guda a ƙauye ɗaya ya fi ƙauye goma a yini ɗaya, kuma kuɗin mai zama a hannun mai burodi da mai faci da mai ɗakin haya yake faɗawa.

Dalili na uku shi ya fi nauyi. In Satumba ta ƙarato, mai keke zai ga masu tsinkar inabi a duƙe tun sassafe, yawancinsu 'yan cin rani ne, wasu daga ƙasashe masu nisa. A 2023, a lardin Shampen da ke arewa da Bargandi, masu tsinka biyar suka mutu cikin tsananin zafi. A 2025 kuma kotu ta ɗaure mutum uku saboda ƙuntata wa ma'aikata fiye da 50, yawancinsu 'yan Afirka ta Yamma, a wani ƙazamin masauki. Duk wanda ya taɓa barin gida don neman abinci ya san irin wannan labari. Baƙon da ke bayan gilashin mota ba ya jin gumin waɗannan bayin Allah, na kan keke kuwa gaisawa suke yi.

Saboda haka wanda Allah ya hore wa zuwa, ya rage yawan garuruwa, ya ƙara yawan kwanaki. Masu iya magana sun ce baƙo makaho ne ko da yana da ido, maganin makantar kuwa zama ne da tafiya sannu.