Harsashi Mai Cin Dogon Zango: Ba Shi Ne Maganin Ƙarancin Namun Daji Ba

A ranin da ya wuce na je gida Fulatan, a ƙaramar hukumar Rogo, na tarar da wasu matasan mafarauta suna kallon wani Bature a waya yana harbin dabba daga nisan kusan kilomita ɗaya. Ɗaya daga cikinsu ya dube ni ya ce, "Malam, da irin wannan bindiga muke da ita, da ba mu dawo hannu rabbana ba." A ganina wannan buri kuskure ne, kuma ga dalilaina.

Da farko, mu san abin da aka ƙera waɗannan harsasai dominsa. Harsashin .375 H&H Magnum, wanda kamfanin Holland & Holland na Ingila ya fito da shi a 1912, na manyan dabbobi ne irin su ɓauna da zaki. Shi kuwa .338 Lapua Magnum, a shekarun 1980 aka ƙera shi, domin sojoji gwanayen harbi daga nesa. A Amurka ƙwaya ɗaya tasa takan kai dala biyar. To, mai neman zomo ko zabo, ina ribarsa?

Na biyu, nisa yana da nasa hukunci. Harsashin yakan bar bakin bindiga da gudun kusan mita 900 a sakan guda, amma iska tana rage masa gudu, nauyinsa kuma yana jan sa ƙasa. Kafin ya ci mita 1,000 sai ya yi fiye da sakan ɗaya, ya sauka ƙasa da kimanin mita takwas. A cikin wannan ɗan lokaci barewa ta ɗaga ƙafa. Sai harsashin da aka auna ƙirji da shi ya sami ciki, dabbar ta gudu ta mutu a ɓoye, ba a ci ba, ba a bar ta ta hayayyafa ba. Wanda ya kuskure kuwa yakan yi tafiyar kilomitoci, alhali dajinmu na Rogo da Ƙaraye cike yake da gonaki da rugage.

Na uku, akwai dalma. Harsashi mai tsananin gudu yakan tarwatse a jikin dabba, ya bar ƙananan ɓarɓashin da ido ba ya gani. Mun ga illar gubar dalma a Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu, ko da yake can haƙar zinariya ce sanadi. Ungulu ma, wadda tun 2015 aka sa ta cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa, takan ci wannan guba a mushe. Saboda irin wannan ne jihar Kalifoniya ta hana farauta da harsashin dalma baki ɗaya a 2019.

Mafarautanmu na dā sun san kwanton ɓauna da karanta sawu da juyin iska, domin bindigar toka ba ta cin nisa. Amma matsalar yau ita ce dajin ya koma gona, dabbobin sun yi ƙaranci. Bindiga mai cin zango za ta ƙarasa abin da ya rage ne kawai. Abin da ya kamace mu shi ne mu daina ƙona daji, mu ɗaga wa dabbobi ƙafa lokacin haihuwa, mu kuma matsa wa hukuma ta kula da dajin Falgore, domin 'ya'yanmu su san gada da idonsu.