Mitar kati a gidajen da ba kowa: yunit na wa, bashi na wa?

Sauyin wurin aiki ba baƙon abu ba ne ga ma'aikacin gwamnatin tarayya, haka ma tattara komatsai ga hadimin ɗan siyasa idan wa'adin maigidansa ya cika. Tun da gwamnatin Olusegun Obasanjo ta fito da tsarin mayar da alawus-alawus zuwa kuɗi a 2003, aka kuma shiga sayar da gidajen gwamnati na Abuja, ma'aikata da dama suka koma zaman haya ko gidajen kansu a Kubwa, Lugbe, Gwarimpa, Nyanya, Mararaba da Suleja. Duk sa'ad da ɗayansu ya tashi, yakan bar gida a rufe na watanni, wani lokaci na shekaru, da mitar kati manne a bango ko a kan falwaya. A kan wannan mita ce rigima ke yawan tashi tsakanin mai gida, tsohon ɗan haya, sabon ɗan haya da Kamfanin Rarraba Wutar Lantarki na Abuja, AEDC, wanda ke kula da birnin tarayya da jihohin Neja, Nasarawa da Kogi.

Tushen matsalar yana cikin yadda katin yake aiki. Lambobi 20 ɗin da mai saye ke karɓa an ƙulle su ne da lambar mita guda ɗaya, ba za su shiga wata mita ba. Mitar kuma ta wurin da aka kafa ta ce, ɗan haya ba ya cire ta ya tafi da ita. Ke nan yunit ɗin da ya rage ranar tashi yana nan a gidan. A da ba a cika damuwa da wannan ba, amma tun watan Afrilun 2024, lokacin da Hukumar Kula da Harkokin Wutar Lantarki ta Ƙasa, NERC, ta ɗaga farashin rukunin A daga kimanin naira 68 zuwa naira 225 kan kowane yunit, lissafin ya canza, ko da yake an ɗan rage farashin daga baya. Yunit 300 da aka saya a kan kusan naira 20,400 a tsohon farashi sun koma na naira 67,500 a sabon, ban da harajin kayayyaki. Wannan kuɗi ne da ya isa a rubuta shi a takardar miƙa gida.

Matsala ta biyu ita ce ta sauyin mabuɗin mita. Kowane kati yana ɗauke da alamar lokacin da aka fitar da shi, wadda ake ƙirgawa da mintoci tun daga 1 ga Janairun 1993. Ma'ajin wannan ƙidaya yana ɗaukar mintoci miliyan 16 da ɗoriya ne kawai, kuma ya cika a ranar 24 ga Nuwamban 2024. Shi ya sa kamfanonin rarraba wuta suka raba wa masu mita lambobi na musamman kashi biyu, kowanne mai lamba 20, domin a mayar da mafarin ƙidayar zuwa 2014. Hukumar NERC ta bayyana cewa wannan sabuntawa kyauta ce. Mutanen da ke cikin gidajensu sun shigar da lambobin. Gidajen da ke rufe a lokacin kuwa, ba lalle ne an samu wanda ya shigar da su ba. Wanda ya shiga irin wannan gida yau zai iya sayen kati na halal, mita ta ƙi karɓa, ya zaci an cuce shi ko mitar ta lalace, alhali lambobin sauyin mabuɗi kawai take jira. Akwai kuma ɗaya gefen: katin da aka saya kafin sauyin aka ajiye ba a shigar ba, mita ba za ta karɓe shi ba bayan an sabunta ta. Ƙa'idar ita ce a fara loda tsofaffin katuna, sannan lambobin sauyi bi da bi, sannan sabon kati.

Gidan da ya daɗe a rufe yana da wasu ƙananan cikas. A mitar da aka raba gida biyu, wato ita kanta tana waje, faifan danna lambobi yana ɗaki, batiran faifan kan mutu, kuma sau da yawa sai an jona shi a soket lokacin da akwai wutar kamfani kafin ya yi magana da mitar. Idan kuma wani ya taɓa buɗe murfin mitar, ko da mai gyaran wuta ne da aka kira lokacin fenti, takan yanke wuta ta kulle kanta, kuma kamfani kaɗai ke ba da lambar buɗe ta. Kiran ɗan kan layi ya yi haɗin bayan fage a nan shi ne gudun gara a faɗa gidan zago, domin satar wuta da taɓa mita laifi ne a Dokar Wutar Lantarki ta 2023, kuma wanda aka tarar a gidan shi za a fara tuhuma.

Babbar rigimar dai ita ce ta bashi. Tun watan Fabrairun 2016 aka soke tsayayyen kuɗin wata-wata da ake cirewa ko an sha wuta ko ba a sha ba, saboda haka mitar kati a gidan da ba kowa ba ta tara sabon bashi don zamanta kawai. Abin da ke biyo ta shi ne tsohon bashi: kuɗin bil na kintace da aka tara kafin a sa mita, wanda ake ɗorawa a asusun, a riƙa zaftare wani kaso duk lokacin da aka sayi kati. Sabon ɗan haya ba ya ganin wannan sai ya biya kuɗi ya ga yunit ɗin da aka ba shi bai kai ba. Matsayin NERC shi ne bashin wuta na wanda ya sha wutar ne, bai kamata a tilasta wa sabon mazauni biyansa ba. Sai dai na'urar sayar da kati lambar mita ta sani, ba ta san wanda ke cikin gida ba. Muddin ba a sanar da kamfani a rubuce cewa wani ya fita, wani ya shiga ba, za ta ci gaba da cira. Kamfanonin ma suna da tasu hujjar: idan tashi daga gida ya isa ya shafe bashi, masu gidaje da 'yan haya za su riƙa haɗa baki suna sauya suna.

Mafitar ta fi yawa a hannun waɗanda ke miƙa gida da karɓarsa. Mai tashi ya ɗauki hoton fuskar mita da yunit ɗin da ya rage, ya sanar da ofishin kamfani mafi kusa a rubuce, ya riƙe kwafin da aka buga wa hatimi. Mai shiga, kafin ya biya kuɗin hayar shekara, ya karɓi lambar mita daga hannun dillali, ya bincika ko akwai bashi a kanta, ya sayi ɗan ƙaramin kati ya gwada a gabansa. Mai gidan da ya bar maigadi kuwa ya san cewa famfon rijiyar burtsatse da fitilun tsaro suna cin yunit, ya ware musu lissafi.

Idan magana ta ƙi ƙarewa, hanyar ƙorafi a jere take: sashen ƙorafin kamfani, sannan ofishin sauraron koke na NERC, sannan hukumar kanta. Mazauna Suleja da Mararaba su lura cewa dokar 2023 ta ba jihohi damar kula da kasuwar wutarsu, kuma Neja da Nasarawa suna cikin waɗanda suka karɓi wannan iko, yayin da birnin tarayya ke nan a hannun NERC. Abin da ya rage wa hukumomin shi ne su tilasta wa kamfani samar da hanya mai sauƙi ta rufe asusun mai tashi da buɗe na mai shiga a rana ɗaya, ta yadda bashi zai bi mai shi duk inda aka tura shi aiki.