Tsibiri Ba Shi da Ɓarauniyar Hanya

Tun ranar 13 ga Oktoban 2025, da ƴan ƙwallon Kap-Ber suka lallasa Eswatini da ci 3 da nema a birnin Praia, suka samu gurbi a gasar cin kofin duniya, sunan wannan ƙasa ya shiga fadojin samarin Gure a nan Nijar. Da can in ka ambace ta sai a tambaye ka a ina take. Yanzu kuwa har akwai masu ba da fatawa a bakin shayi: ai ƙasar CEDEAO ce, ba a biza, kuɗinsu ya fi namu nauyi, mutum ya tara na jirgi kawai ya ɗaga. Mai wannan magana bai yi ƙarya gaba ɗaya ba, amma abin da ya tsallake ya fi wanda ya faɗa yawa.

Kap-Ber, wadda gidajen rediyon Najeriya ke kira Cape Verde, tsibirai goma ce a cikin tekun Atlantika, tara daga ciki ke da mutane, kimanin kilomita 570 yamma da gaɓar Senegal. Jama'arta wajen rabin miliyan ne, ba su kai mutanen birnin Yamai ba. Ta samu ƴancin kai daga Fotugal a 1975. Abin da yawancinmu ba mu lura da shi ba shi ne ƴar uwarmu ce a wahala. Ruwa ya kewaye ta amma na sama ba ya isarta. Fari da yunwa sun kashe dubban mutanenta a shekarun 1940, kuma tana cikin ƙungiyar CILSS ta yaƙi da fari a Sahel, wadda cibiyarta ta Agrhymet ke Yamai. Hazon hunturu da ke rufe mana ido a nan yakan haye teku ya isa can, har ya hana jiragensu tashi.

To, ta fuskar doka fa? A 1979 shugabannin CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, suka sa hannu a Dakar kan yarjejeniyar zirga-zirgar jama'a. Ta ce ɗan ƙasar da ke cikin ƙungiyar yana iya shiga kowace ƙasa daga cikinsu ba biza, ya zauna har kwana 90, muddin yana riƙe da takardar tafiya mai aiki da katin rigakafi. Wannan shi kowa ya haddace. Sashe na 4 na yarjejeniyar ne ba a cika karantawa ba, inda aka bar wa kowace ƙasa ikon mayar da duk wanda dokarta ta cikin gida ta ce bai cancanci shiga ba. Kap-Ber ta riƙe wannan sashe gam. Ɗan ƙasar CEDEAO da ya sauka a filin jirgin Praia ko na tsibirin Sal, ba za a tambaye shi biza ba, amma ana iya tambayarsa tikitin komawa, da shaidar masauki ko ta wanda zai karɓe shi, da kuɗin da zai ci har ya bar ƙasar. In ɗan sandan iyaka bai gamsu ba, sai a ajiye mutum a jira jirgin da zai mayar da shi inda ya fito. A watan Afrilun 2025 haka ta faru da wasu ƴan Najeriya shida da suka taso daga Senegal yawon buɗe ido, har sai da hukumar ƴan Najeriya mazauna waje ta sa baki.

Mu mutanen Muniyo wannan tsari baƙo ne gare mu, kuma dalilin a fili yake. Iyakar da muka sani ita ce ta kudu. Mutumin Gure ko Bune ko Gidigir da zai gangara Nguru ko Machina ko Gashuwa, bizarsa bakinsa ne: Barbarci da Hausa, da sunan gidan kawunsa, da dillalin da ya saba sauka wurinsa. Katin ɗan ƙasa in akwai a nuna, in babu a yi ciniki a shinge. An sha rufe wannan iyaka. Gwamnatin soja ta Najeriya ta rufe ta a 1984, lokacin ya zo daidai da fari, har yunwar shekarar ta samu sunan El-Buhari a bakin mutanenmu. An sake rufewa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, sannan bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. A kowane karo farashi ya tashi, talaka ya ji a jikinsa, amma kanwa ba ta daina gangarawa ba, shanu ma haka. Mai babur ya san hanyar da ba ta bi ta gaban duwan. Saboda haka muka taso da imanin cewa takarda abu ne na ƴan boko, kuma kowace ƙofa da aka kulle tana da katanga mai gajeren wuri.

A tsibiri babu wannan. Ƙofar shiga filin jirgi ce ko tashar ruwa, a kowace kuma akwai mai kaki zaune da kwamfuta. Wanda ya ce zai kewaye su, kwalekwale zai hau, kuma an ga ƙarshen hakan. A Agustan 2023 aka tsinci wani kwalekwale kusa da Sal, ya taso daga ƙauyen Fass Boye na Senegal da mutum kusan ɗari, da niyyar tsibiran Kanari na Sifen. Mutum 38 aka ceto da rai bayan sun shafe fiye da wata guda a kan ruwa. Shi ya sa nake ganin duk mai son sanin ainihin nauyin fasfon Nijar, kada ya auna shi a iyakar Yobe. Ya auna shi a irin wannan wuri da ba shi da kawu, ba shi da dillali.

Ban ga laifin ƙaramar ƙasa ba don ta ƙirga masu shigarta. Wanda ya san kwarurrukan da ke tsakanin tuddan rairayi a gabashin Gure, inda rijiya kaɗan da ƴan bishiyoyin dabino ke riƙe da gari guda, ya san mai kwari dole ya san baƙi nawa suka sauka da kuma ranar tashinsu. Mafi yawan abincin Kap-Ber sayo shi ake yi daga waje, ruwan shan biranenta kuma na teku ne ake tacewa. Su ma masu rubuta dokar CEDEAO sun san da haka. A kundin da aka sabunta a Kwatano a 1993, sashe na 68 ya ce a yi wa ƙasashe iri biyu kulawa ta musamman: tsibirai, da waɗanda ba su da gaɓar teku. Wato a layi ɗaya aka rubuta su da mu.

Inda na ga laifi shi ne ma'auni biyu. Daga farkon 2019 Kap-Ber ta ɗauke wa ƴan Tarayyar Turai biza ta kwana 30. Aka buɗe shafin intanet mai suna EASE, inda baƙo zai yi rajista kwana biyar kafin tafiya, ya biya kuɗin tsaron filin jirgi eskudo 3,400, wajen jika 20 a kuɗinmu. Bature ya cika wannan, ya sauka da gajeren wando, a buga masa hatimi ya wuce otal. Ɗan Gini Bisau ko Senegal ko Najeriya, wanda yarjejeniya ta ba shi kwana 90 tun shekara 40 kafin a ba Baturen 30, shi ake cirewa daga layi a ce ya nuna aljihunsa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Yawon buɗe ido shi ne wajen kashi ɗaya cikin huɗu na arzikin ƙasar, baƙin da suka sauka a masaukanta sun haura miliyan ɗaya a 2023, kuma galibinsu Turawa ne. Kuɗinta a ɗaure yake da yuro kamar sefa. Tun 2007 tana da ƙawance na musamman da Tarayyar Turai, ta kuma amince da karɓar baƙin haure da suka bi ta ƙasarta suka shiga Turai. Wanda ya ɗauki wannan alkawari dole ya zama mai gadi. Na fahimci lissafin, amma fahimta ba ta sa ya zama adalci ba, musamman a ƙasar da tsohon garinta, Cidade Velha, ya ginu a kan cinikin bayin da aka kwaso daga wannan gaɓar da yau ake tsare jikokinta a ɗakin jira.

Sai batun kaya, wanda a nan ma halinmu na iya jawo mana. Ba Bahaushe ko Bamange da zai yi doguwar tafiya bai ɗaure kilishi da cuku da dabino da yaji ba, wani har da ɗan irin kuɓewa don ya shuka a bayan ɗaki. Tsibirai na tsoron nama da tsiro da iri fiye da yadda muke zato, don ƙwaro ɗaya in ya shiga ba shi da mai cinye shi. Su kansu sun ɗanɗana. Wata ƙadandoniya da ta ɓulla a tsibirin Santo Antão ta sa tun shekarun 1980 aka hana fitar da amfanin gonarsa zuwa sauran tsibiran ƙasar, aka ɗauki shekaru masu yawa a haka. Ƙasar da ta yi wa manomanta wannan, ba za ta ji kunyar zubar da ƙunshin baƙo ba. Abin da ke jakarka ka faɗa wa duwan da bakinka kafin ya buɗe. Magani a tafi da takardar likita. Saƙon wani da ba ka ga cikinsa ba kuwa, ko na aminin uba ne, a ba shi haƙuri: a farkon 2019 an kama hodar ibilis tan tara da rabi a wani jirgin ruwa a tashar Praia, kuma tun kafin nan jami'ansu ba sa wasa da ƙulli. Katin rigakafin shawara, wannan mai ruwan ɗorawa, wajibi ne ga wanda ya fito daga Nijar, kuma tun 2016 allura ɗaya ta isa har ƙarshen rai. A Janairun 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa Kap-Ber ta rabu da zazzaɓin cizon sauro, ta uku a yankin Afirka na hukumar bayan Morishiyos da Aljeriya. Mai irin wannan shaida yana tsaron ta.

Duk wannan kuma lissafin jiya ne, lokacin da muke cikin CEDEAO. Ranar 28 ga Janairun 2024 Nijar da Mali da Burkina Faso suka ce sun fita, ficewar ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025, ranar da ƙawancensu na AES ya sa don fara aiki da sabon fasfonsa. Ba ficewar nake tuhuma a nan ba; wanda ya sha takunkumin CEDEAO na 2023, aka yanke masa lantarki, magani ya yi wuya, yana da hujjarsa. Abin da nake so mai karatu ya kula shi ne matsayin da muka koma. A Disamban 2024 ƙasashen AES suka sanar cewa ƴan CEDEAO za su ci gaba da shigo musu ba biza. Ita ma CEDEAO, a ranar da muka fita, ta umarci mambobinta su ci gaba da karɓar fasfo da katin ɗan ƙasa masu tambarinta da ke hannunmu, su bar mu mu shiga ba biza, har zuwa wani sabon umarni. Sanarwa ce ta amsa sanarwa. Abin da da haƙƙi ne a rubuce, wanda ɗan ƙasa zai iya kai ƙara a kansa kotun ƙungiyar da ke Abuja, yanzu alfarma ce da za a iya janyewa da takarda ɗaya.

Najeriya ba za ta yi saurin janyewa ba, don Kano da Maiduguri na buƙatar dabbobinmu kamar yadda muke buƙatar kasuwarsu. Benin da Togo suna da tashoshin ruwan da ke son kayanmu. Kap-Ber ba ta sayen raƙumi, ba ta sayen albasar Galmi da yawan da zai ɗaure mata hannu, ba ta da iyaka da mu. In akwai inda alfarmar za ta fara sassautowa ba tare da wani ya ji ƙara ba, irin can ne.

A watan Mayun 2025 ministocin harkokin wajen AES, ciki har da namu Bakary Yaou Sangaré, sun zauna a Bamako da shugaban hukumar CEDEAO na lokacin, Omar Alieu Touray, suka buɗe tattaunawa kan zaman bayan rabuwa. Zirga-zirgar jama'a ce ya kamata ta fara samun sa hannu a wannan tebur, kafin haraji da rabon kadara, kuma a ambaci fasfon AES da sunansa a cikin rubutun. In ta ƙungiya ta yi jinkiri, ba abin da ya hana Yamai ta ƙulla yarjejeniyar ɗauke biza da ƙasashe ɗaya bayan ɗaya. Sannan hukumar DST da ke ba da fasfo ta riƙa fitar da jerin ƙasashen da ke karɓarsa ba biza, da sharuɗɗan kowace, a karanta shi da Hausa da Barbarci a rediyoyin karkara. Gure ta fi kilomita dubu daga Yamai. Labarin da ya tsaya a allon ofishi, ɗan kamasho ne ke kawo mana shi, ya ƙara masa gishiri ya kuma karɓi lada.

Saurayin da ya ƙuduri tafiyar kuma ya sani ba a Praia za a fara yi masa hukunci ba. Babu jirgi kai tsaye daga Yamai, sai an canja a Dakar ko Kasablanka, kuma kamfanin jirgi ne ke ɗaukar nauyin mayar da duk fasinjan da aka ƙi karɓa. Don haka ma'aikaciyar da ke auna jaka tana duba kwamfutarta ta ga abin da aka rubuta game da fasfon Nijar, ta nemi tikitin komawa da rajistar EASE da katin shawara. In ɗaya ya gaza ba za ta ba shi takardar hawa ba, kuma tikiti mai araha, irin wanda ake sayar da bijimi biyu a saya, galibi ba a mayar da kuɗinsa.