Daga Allon Malam: Canza Giya Ba Kuloci, Gwaninta Ko Ganganci?

Kwanan baya wani tsohon ɗalibina da ke aikin zemijan ya ɗauko ni daga tashar mota ta Sokode zuwa unguwar Didawure. Na lura tun da muka tashi da giya ta ɗaya, hannunsa na hagu bai sake taɓa kuloci ba, ƙafa kawai ke aiki. Da na tambaye shi sai ya yi dariya ya ce, "Malam, ai yanzu wanda ke jan kuloci ɗan koyo ne." Da yake samarinmu da yawa, daga Sokode har Dapango, da babur suke ciyar da iyayensu, na ga ya kamata mu tattauna wannan magana.

Wannan al'ada tana da asali. Aikin zemijan ya bunƙasa a Togo lokacin dogon yajin aikin da aka fara a watan Nuwamba 1992, sa'ad da motocin haya suka tsaya. Yawancin baburan wancan zamani irin su Yamaha Mate ne, waɗanda ba su da hannun kuloci, kamar Honda Super Cub da ya fito a Japan a 1958. Suna da kuloci, amma a cikin inji yake, shi ke kama kansa ya saki kansa in an taka giya. Da baburan Sin irin su Haojue da Sanya da Apsonic suka cika gari, masu kuloci a hannu, sai ƙafar da ta saba ta ci gaba da halinta, yara kuma suka gada.

Gaskiya ne babur mai kuloci a hannu yana iya canza giya ba a ja shi ba. A cikin akwatin giya akwai wasu 'yan haƙora a gefen ƙarafa da ke shiga ramukan ƙarfen da ke kusa da su. Muddin inji na ja, haƙoran nan suna cije da juna. In direba ya ɗan sassauta totur, nauyi ya sauka daga kansu na ɗan ƙiftawar ido, a wannan lokaci giya ta gaba tana shiga salin-alin. Masu tseren babura a Turai suna yin haka, har da na'urar da ke yanke wutar inji ta ba su wannan dama. Sai dai su a fili mai kwalta suke gudu, ba fasinja, kuma makanikai na kwance injin a kai a kai.

In ƙafa ta riga hannu ko ta makara, haƙoran sai su daki juna. Yau kaɗan, gobe kaɗan, bakinsu ya cinye, cokalin da ke tura su ya lanƙwashe. Alamar ita ce giya, musamman ta biyu, ta riƙa fita da kanta a kan hanya. Gyaran wannan sai an sauke inji an raba shi biyu, alhali wayar kuloci abin 'yan kuɗi kaɗan ce da ake sauyawa a gefen titi. Yaron da ke aiki da babur ɗin wani yana biya kullum, kwanakin da babur ya yi a gareji bashi ne a wuyansa.

Saukowa daga babbar giya zuwa ƙarama ya fi haɗari. In ba a ja kuloci ba, tayar baya na iya cijewa ta zame, balle a kan jar ƙasa da damina, ko a gangaren Alejo da Defale a hanyar da ta tashi daga Lome zuwa Sinkase. Ku tuna a baya akwai uwa mai goyo, ko tsoho da kayan kasuwa.

Wuri ɗaya ne na yarda wannan ilimi ke da amfani, wato in wayar kuloci ta tsinke a daji, a ce tsakanin Mango da Dapango. Sai ka sauke fasinja, ka tada inji ba giya, ka tura babur har ya ɗauki gudu, ka hau ka sa ta ɗaya, ka bi a hankali har wurin makaniki mafi kusa. Kafin ka tsaya ka mayar da shi ba giya, don kada ya yi tsalle ya mutu.

Saboda haka ina kira ga iyayen gida masu koya wa yara tuƙi, da shugabannin tashoshin zemijan na zangunanmu, su riƙa faɗa musu gaskiya. A ja kuloci, a riƙa ɗiga wa wayarsa mai, a sauya ta da zarar ta fara tsattsagewa, a kuma sa hular kwano. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa. Shi kuwa ɗalibina, na biya shi kuɗinsa, na ce gobe in zai ɗauke ni ya zo da hannunsa na hagu.

Allah Ya tsare mu a hanyoyinmu, amin. Sai wata mai zuwa in Allah Ya kai mu.