An Sayi Keken Ado, An Bar Jariri A Kan Cinya A Gaban Mota

Ka tsaya da hantsi a ƙofar kowane asibitin haihuwa a Kano ko Kaduna ko Sakkwato, lokacin da ake sallamar masu jego, ka ga yadda muke kai 'ya'yanmu gida. Uba ya matso da mota bakin ƙofa, ya kunna sanyi. Mai jego ta lallaɓa ta shiga baya. Jaririn da ko cibiyarsa ba ta faɗi ba an naɗe shi a shawul an miƙa wa kakarsa, ita kuma don girmamawa an buɗe mata gaba. Ba wanda ya ja bel. A haka za a kutsa cikin tireloli da 'yan A Daidaita Sahu masu yanko hanya ba sallama, har gida. A but kuwa ga keken jariri sabo fil cikin kwalinsa, wanda kuɗinsa kan kai albashin wani na wata guda.

Wannan abu yana ƙona mini rai, kuma ba da talaka nake ba. Da masu mota nake, 'yan boko da 'yan kasuwa da manyan ma'aikata, waɗanda tun ciki na wata biyar ake aiko musu da hotunan kayan jarirai ta WhatsApp suna zaɓe. Baho saiti guda, gado mai gidan sauro, akwatuna, keken turawa, jakar goyo, keken koyon tafiya ga yaron da ko zama bai fara ba. Ranar suna a yi anko, a kira mai kwalliya da mai hoto, a yanka rago biyu. Cikin duk wannan hidima, abu ɗaya tak da aka ƙera musamman don ya hana yaro mutuwa, wato kujerar mota ta jariri, shi ne ba ya shiga lissafi. In ma ya shiga, shi ake fara sokewa idan kuɗi suka yi kaɗan.

Bari in faɗi abin da ke faruwa a cikin mota, tunda da alama ba a taɓa gaya wa mutane dalla-dalla ba. Idan mota na gudun kilomita 50 a awa, gudun cikin gari ke nan ba na hanyar Abuja ba, ta daki wani abu ta tsaya cak, duk abin da ba a ɗaure ba zai ci gaba da tafiya da wannan gudun. Cikin ƙiftawar ido jiki kan fizge da ƙarfin da ya kai ninki talatin na nauyinsa. Jariri mai kilo 5 ya zama kilo 150, buhun shinkafa uku ke nan a fizge daga hannun mace ba zato ba tsammani. Wace uwa ce za ta riƙe wannan, komai ƙaunarta? Idan ba ta ja bel ba, ita ma za ta bi shi ta matse shi tsakanin ƙirjinta da dashbod. Idan ta ja bel ɗaya ta haɗa da shi, nauyinta ne zai danne shi a jikin bel ɗin. Ga kuma jakar iskar nan da ke ɓoye a dashbod, wadda ke fitowa da gudun da kan kai kilomita 300 a awa. Don ƙirjin babban mutum aka yi ta, ba don kan da maɗigarsa ke motsi ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin mota na kashe mutum kusan miliyan 1.19 a kowace shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa daga shekara 5 zuwa 29. Afirka ce ta fi ko'ina yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a, duk da cewa motocinmu ba su taka kara sun karya ba in aka kwatanta da na Turai. Hukumar ta kuma ce kujerar jariri na rage mutuwar jarirai a haɗari da kashi 71 cikin 100. Da wani magani ne ke rage mutuwar jarirai haka, da mun yi layi a kyamis muna rububinsa.

Amma ka yi wa mutum wannan magana ka ji amsa. "Haba, ai nan da nan ne, ba nisa." Mai tirelar da birkinsa ya tsinke a shataletale ba ya tambayar inda za ka. "Mu ma a cinya aka rene mu, ga mu nan." Ku da kuka tsira ne ke magana. Sauran an kai su makwanci, an zauna zaman makoki, an ce wa iyayensu haƙuri, kwana ne ya ƙare, ba wanda ya tambayi a wace kujera yaron yake. Wadda ta fi ɓata mini rai ita ce, "Allah ne ke tsarewa." Tabbas Allah ne ke tsarewa, ba mai musun wannan. To amma mai faɗar haka ya sa wa wayarsa riga da gilashin kariya, ya sa wa motar na'urar gano ɓarayi, ya ɗauki maigadi, ya zagaye katangarsa da waya. A wajen dukiya ya san tawakkali ba ya hana ɗaukar sababi. Sai da aka zo kan ɗan da ya haifa ne ya tuna da ƙaddara. Wannan ba tsoron Allah ba ne, sakaci ne aka lulluɓe da kalmar addini, kuma ya kamata malamanmu su fito su kira shi da sunansa.

Wasu kuma cewa suke bidi'ar Turawa ce. Motar fa, a Ɗawanau aka ƙera ta? Wanda ya karɓi mota sai ya karɓi haɗarinta da maganin haɗarinta. Su ma can da jini suka koya. A Suwidin, a 1964, wani malamin jami'a mai suna Bertil Aldman ya lura da yadda 'yan sama jannati ke kwanciya da bayansu don jure fizgar roka, sai ya ƙera kujerar yaro mai kallon baya, yadda idan aka yi karo bayan kujerar zai tallafe kai da wuya da gadon baya gaba ɗaya. Kan jariri babba ne a kan jikinsa, wuyansa kuma bai yi ƙwari ba, don haka idan yana kallon gaba, kan ne zai fizge ya ja wuyan. Har yau yawancin yaran Suwidin baya suke kallo a mota sai sun kai wajen shekara 4. A Amurka wani likitan yara, Robert Sanders, shi ya matsa wa majalisar jihar Tennessee lamba har dokar kujerar yara ta fara aiki a 1978, kuma zuwa 1985 kowace jiha ta bi sahu.

Abin takaici shi ne, mun bar wanda ba mu da madadinsa, mun rungumi waɗanda muke da abin da ya fi su. Ɗauki goyo. Zani da majanyi sun reni Hausawa tun kafin a san Bature. Yaro yana manne da bayan uwarsa, yana jin ɗuminta da motsinta, ƙafafuwansa a buɗe sun rungumi ƙugunta, hannuwanta biyu suna aiki. Likitocin ƙashi sun daɗe da lura cewa a wuraren da ake goyo irin namu, gocewar ƙashin ƙugu a jarirai ba ta da yawa, domin wannan zaman na buɗe ƙafa shi ne ya dace da gaɓar. Yanzu kamfanoni na tallar jakunkunansu da cewa suna zaunar da yaro a haka. Abin da kakanninmu ke yi da zani ɗaya shi ake sayar mana da dala. Sai ga 'yar boko tana jin kunyar ta ce wa uwarta, "Umma, koya mini goyo," ta gwammace ta sayo jaka mai arha wadda yaro ke reto a cikinta ƙafafu a zube, haɓarsa ta dunƙule a ƙirji. Wannan dunƙulewar tana toshe numfashi, kuma jariri ba shi da ƙarfin ɗago kai. A 2010 kamfanin Infantino ya janye jakunkunan goyo miliyan ɗaya daga kasuwar Amurka bayan jarirai uku sun mutu a cikin irinsu. Duk wadda za ta yi amfani da jaka, ko ma zanin, ta tabbata fuskar yaro a buɗe take, hanci da baki ba su nutse cikin tufa ba, haɓa ba ta manne da ƙirji ba. Mai goyo ta zura hijabi a kai cikin zafin Afrilu kuwa, ta riƙa dubawa, don yaro na iya galabaita shiru ba kuka.

Keken turawa ba zan ɓata baki a kansa ba. A ina za a tura shi? A lungun da kwata ta raba biyu, ko a bakin titin da masu kayan miya da 'yan cajin waya suka mamaye? Yawancinsu ɗakin ajiya suke ƙarewa bayan an ɗauki hoto. Keken koyon tafiya kuma ya fi rashin amfani muni: Kanada ta haramta sayar da shi tun 2004 saboda yaran da ke gangarawa daga matakala ko su kai ga abin zafi. A gidajenmu da ake girki a ƙasa, da risho da gawayi da tukunyar ruwan zafi a tsakar gida, sai a ɗora yaro a kan taya a sake shi.

Wanda ya yarda zai sayi kujera, kada ya saya da ka. Ya juya ta ya nemi tambarin gwaji. Ta Turai tana da takarda ruwan lemo mai ɗauke da R129 ko R44, ta Amurka kuma an rubuta cewa ta cika ƙa'idar gwamnatin tarayyarsu. Wadda ba ta da ko ɗaya abin wasa ce, ko da an lulluɓe ta da karammiski. Ya duba ranar ƙira, don yawancin kamfanoni shekara 6 zuwa 10 suke ba kujera, roba kuma tana gajiya, balle a zafin ranar Maiduguri. Nan ne matsalar gwanjo take. Kujerar da aka ciro daga kwantena ba wanda ya san tarihinta, wataƙila daga motar da ta yi haɗari aka cire ta, ta tsage a ciki inda ido ba ya gani. Idan sabuwa ta gagara, gara a karɓi ta yaya ko ta ƙanwa wadda aka san inda ta kwana. A ɗaura ta a baya, tana kallon baya. Ƙa'idar R129 ta ce aƙalla har wata 15, kuma in an wuce haka ya fi. Idan ka girgiza ta daga gindi kada ta motsa fiye da faɗin yatsa biyu. Igiyoyin su kama jikin yaro sosai, ban da rigar sanyi mai kauri a ƙarƙashinsu. In hunturu ne, a ɗaure shi tukuna sannan a rufa masa bargo a sama. Mai motar da aka shigo da ita daga Amurka, in dai ƙirar bayan 2002 ce, ya zura hannu a tsagar kujerar baya, zai ji ƙarafan da aka tanada don maƙala kujerar yaro. Suna nan a Corolla da Camry da Accord ɗin da suka cika titunanmu, masu su ba su ma san da su ba.

Na san mafi yawan matanmu ba su da wannan zaɓi. Mace za ta shiga motar haya ƙirar Sharon da aka cusa mutum huɗu a layi, ko ta hau babur da goyo, kan yaro na lilo a baya. Ita ba abin zargi ba ce, an bar ta ne da abin da ta samu. Amma ko a nan akwai abin tambaya. Dole ne a ɗauki jaririn kwana arba'in a zagaya da shi Zariya da Funtuwa da Gusau da sunan yawon arba'in? Dangin da ke son ganinsa su taso su zo. Su ne ke da ƙashi mai ƙwari.

Hukuma kuma ba ta da uzuri. An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a 1988, ta fara tilasta ɗaura bel a 2003. An yi ta gunaguni, amma yau direba na hango jami'anta yake jan bel. Ashe idan aka matsa ana bi. Hukumar ta sha faɗin cewa yaron da bai kai shekara 12 ba kada ya zauna a gaba. To me ya sa faɗa kawai? Jami'in da zai tsare mota kan lasisi da abin kashe gobara, ya ga jariri a kan cinya a gaba ya ɗaga hannu a wuce, bai san aikinsa ba. A wajen awo ana koya wa masu ciki shayar da nono zalla da allurar rigakafi da gidan sauro. Minti biyar kan yadda ake ɗaukar jariri a mota ba zai gagara ba, asibitoci masu zaman kansu da ke karɓar dubban ɗaruruwa kuɗin haihuwa ma su fara. Kwastan ta cire wa kujerun yara haraji, hukumar SON mai kula da ingancin kaya kuma ta tare na jabu a tashar ruwa kafin su iso kasuwar Sabon Gari.

Ku kuma gwaggonni da kawunnai da abokan uba masu haɗa kuɗin barka, atamfa ta isa haka, wata mai jegon sai ta tara turmi ashirin. Ku haɗa ku sayi kujera mai tambari, ku kai ta tun ciki na wata takwas, uban ya ɗaura ta a mota ya gwada da rana tsaka, domin naƙuda ta fi son zuwa da tsakar dare.